Haƙƙin Mai Saye da Wanda Ake Bi Bashi a Zamanin Cinikin Waya

Wanda ya ci bashi ta manhajar waya da wadda ta sayi leshi a Instagram sun yi tarayya a abu guda: kowannensu ya ƙulla hulɗar kuɗi da mutumin da bai taɓa gani ba. A kasuwar da aka saba, ciniki yana da masu gadinsa ko da ba a rubuta komai ba. Akwai dillalin da ya haɗa, akwai maƙwabtan rumfa da suka ji lokacin da aka sallama, akwai shugaban layi da sarkin kasuwa, sannan akwai kunya, domin ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya cuci mai saye yau zai buɗe rumfarsa gobe a gaban mutanen da suka san abin da ya yi. Haka ma rance: mai bayarwa ya san gidan mai karɓa, ya san iyayensa, wannan sanayya kuma takan hana shi wuce gona da iri wajen neman kuɗinsa. Waya ta kawar da waɗannan duka. Abin da ya rage ya tsaya a madadinsu shi ne doka, da hukumomin da aka ɗora wa aiwatar da ita.

Babbar dokar da ta shafi wannan fage a Najeriya ita ce Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019. Ita ce ta kafa hukumar da aka fi sani da FCCPC, wadda ta gaji tsohuwar Majalisar Kare Haƙƙin Masu Saye da aka kafa da dokar soja a 1992, ta kuma kafa kotu ta musamman da ke duba hukunce-hukuncen hukumar. Bankuna da ƙananan bankunan da ke da lasisin Babban Bankin Najeriya suna ƙarƙashin wasu ƙa'idoji na daban da Babban Bankin ya fitar a 2019. Batun sirrin bayanan mutum kuwa yana ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta 2023 da hukumarta, NDPC. Sanin wannan rabon aiki yana da amfani, domin ƙorafi da yawa sukan mutu ne saboda an kai su ƙofar da ba tasu ba.

Bin bashi da iyakarsa

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma babu dokar da ta hana mai kuɗi neman kuɗinsa. Yana da damar ya kira, ya aika saƙo, ya rubuta takardar neman biya, ya ɗauki wakili ko lauya, ya kai ƙara kotu. Abin da doka ta tsaya a kai shi ne yadda ake neman. Sashe na 124 na dokar 2018 ya haramta wa kowane kamfani ko wakilinsa amfani da ƙarfi, ko tursasawa, ko matsin lamba na rashin gaskiya, ko tsangwama, a wajen neman biya ko karɓar kuɗi daga hannun abokin ciniki. Sashen ya ƙara da wani abu da ya shafi Arewa kai tsaye: laifi ne kamfani ya ci gajiyar rashin iya karatun mutum, ko rashin fahimtarsa ga harshen da aka rubuta yarjejeniya da shi. Kusan duk sharuɗɗan manhajojin rance da Turanci suke, cikin ƙananan haruffa, kuma mai neman naira dubu goma cikin gaggawa yakan danna amincewa ne kawai ya wuce.

Ƙa'idojin Babban Banki sun fi fayyace abin dalla-dalla. Banki zai sanar da mutum abin da ake binsa kafin ya fara matakin karɓa. Ba zai kira shi ko ya je wurinsa a kan bashi tsakanin ƙarfe 9 na dare da ƙarfe 8 na safe ba, sai in shi ya yarda. Ba zai tuntuɓi abokansa ko 'yan'uwansa ko maƙwabtansa ko wurin aikinsa ba, sai don tambayar adireshi ko lambar waya ko tabbatar da cewa yana aiki a wurin, kuma ba zai nemi ɗaya daga cikinsu ya biya ba sai wanda ya tsaya masa. Idan bankin ya ba wani kamfani kwangilar karɓo bashin, duk abin da kamfanin ya aikata a wuyan bankin yake. Wannan na ƙarshe shi ya toshe ƙofar da aka daɗe ana bi, ta a ce ai ba mu ba ne, wakilai ne.

Maganar tsayawa tana bukatar a ɗan dakata a kanta, domin nan ne aka fi ruɗa mutane. Mai tsayawa shi ne wanda ya san da bashin, ya yarda da kansa, ya sa hannu cewa in mai karɓa ya gaza shi zai biya. Wanda aka rubuta lambarsa a fam ba da saninsa ba, ko aka tsinto sunansa a cikin wayar mai bashin, ba mai tsayawa ba ne, ko sisi ba a binsa. Haka uba ba ya ɗaukar bashin ɗansa baligi, mata ba ta ɗaukar na miji, don kawai dangantaka. Idan wanda ake bi ya rasu, daga dukiyar da ya bari ake biya kafin rabon gado, kamar yadda Shari'ar Musulunci ta tsara kuma dokar ƙasa ba ta saɓa ba. Ba a tilasta wa magada su biya daga aljihunsu.

Manhajojin rance na gaggawa su ne suka fito da wannan matsala fili, musamman daga shekarar 2020. Salon aikinsu ya zama sananne. Lokacin da aka sauke manhajar, takan nemi izinin shiga jerin lambobin waya da hotuna da saƙonni. Ana ba da ɗan ƙaramin rance na mako guda ko biyu, a cire wani kaso tun kafin kuɗin ya shiga asusu da sunan kuɗin aiki, a ɗora ruwa mai nauyi, sannan tara tana hauhawa kullum da zarar wa'adi ya wuce. Idan aka yi jinkirin kwana ɗaya ko biyu, sai saƙonni su fara sauka a wayoyin surukai da abokan aiki da malaman makarantar yara, ana kiran mutum ɓarawo ko ɗan damfara da ake nema ruwa a jallo. Wasu har sanarwar mutuwa suka riƙa haɗawa da hoton mutum yana raye. A al'ummar da rufin asiri ya fi kuɗi daraja, wannan makami ne mai kaifi, masu shi kuma sun san haka. Mutane da yawa sukan ci bashi a manhaja ta biyu don su rufe bakin ta farko, daga nan sai ta uku.

Wannan ɗabi'a ta karya doka ta fuskoki da dama a lokaci guda. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, har da wasiƙunsa da maganganunsa na waya, sashe na 34 kuma ya kare mutuncinsa. Dokar Kare Bayanai ta ce ana tattara bayanin mutum ne don wata manufa takamaimiya da aka bayyana masa, ba a karkatar da shi zuwa wata, kuma yana da ikon janye izininsa. Ko da mai bashin ya danna amincewa, mutanen da ke cikin wayarsa ba su amince da komai ba, shi kuma ba shi da ikon amincewa a madadinsu. Tarar da dokar ta tanada ga manyan masu riƙe bayanai takan kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Kiran mutum ɓarawo a gaban jama'a ba tare da hukuncin kotu ba kuwa ɓata suna ne, wanda sashe na 391 na kundin Final Kod na Arewa ya ɗauka laifi, kuma ana iya neman diyya a kansa.

Hukumomi sun ɗan makara kafin su motsa, amma sun motsa. A watan Agustan 2021 hukumar NITDA, wadda ke riƙe da batun kare bayanai a lokacin, ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 saboda aika saƙonni ga mutanen da ke cikin wayoyin masu bashi. A Maris 2022 FCCPC, ƙarƙashin shugabanta na wancan lokaci Babatunde Irukera, tare da ICPC da 'yan sanda, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikin kamfanonin a Ikeja ta Legas, aka kuma rufe asusun wasunsu. A watan Agusta na wannan shekarar ta fitar da tsarin wucin gadi da ya wajabta wa masu ba da rance ta intanet yin rajista. Google ma ya sauya ƙa'idarsa: daga ƙarshen Mayun 2023 manhajojin rance da ke Play Store ba su da izinin shiga lambobin waya ko hotunan mai amfani da su. A 2025 FCCPC, ƙarƙashin Tunji Bello, ta maye gurbin tsarin wucin gadin da cikakkun ƙa'idoji, waɗanda suka wajabta bayyana ruwa da duk wani caji tun kafin a ba da rance, suka kuma tanadi tarar da za ta iya kai naira miliyan 100 ko kashi 1 cikin 100 na cinikin kamfani, da dakatar da daraktocinsa har shekara biyar.

Tsugune dai ba ta ƙare ba. Kamfanonin da aka kora daga Play Store sukan sauya suna su dawo, ko su riƙa rarraba manhajarsu ta hanyar saƙon WhatsApp da tallan Facebook, inda ƙa'idar Google ba ta kai. FCCPC tana wallafa jerin waɗanda ta amince da su da waɗanda ta soke a shafinta, kuma manhajar da ba ta cikin jerin, ko wadda ta nemi a buɗe mata lambobin waya, ta riga ta nuna irin halinta tun kafin a karɓi kuɗinta.

Akwai abin da bai kamata a yi wa mummunar fahimta ba. Cin mutuncin da mai bin bashi ya yi ba ya goge bashin. Abubuwa biyu ne daban: mai karɓa yana da haƙƙin ya kai ƙara a kan tozarcin, mai bayarwa kuma yana da haƙƙin uwar kuɗinsa da ruwan da aka yi yarjejeniya a kai a bayyane. Abin da ake iya jayayya a kai shi ne cajin da aka ɓoye da tarar da ta wuce hankali, domin sashe na 127 na dokar 2018 ya haramta sharuɗɗan da suka karkata gaba ɗaya ga ɓangare guda. Koyarwar Musulunci ma haka ta riƙe igiyar ta kowane gefe: Suratul Baƙara ta yi umarni da a rubuta bashi a kafa shaidu, ta kuma ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu, hadisi kuma ya kira jan ƙafar mai hali wajen biya zalunci.

Ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne

Tsohuwar hanyar tursasawa, wadda ta girmi manhajoji nesa ba kusa ba, ita ce a ɗauko ɗan sanda. Ana kama mutum, a tsare shi, a sa shi ya rubuta alkawarin biya a kan kanta, wani lokaci a ce sai ya ajiye wani abu kafin beli. Doka ta hana wannan da kalmomi marasa harshen damo. Sashe na 8 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, da sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020, duk sun ce ba a kama mutum don kawai saɓa yarjejeniya ko rikicin da ba na laifi ba. Dokokin biyu sun kuma hana kama wani a madadin wani, wato a tsare mata ko ƙani don mai bashin ya fito. Kotun Ƙoli ta nanata wannan a 2018 a shari'ar da ta haɗa EFCC da bankin Diamond, inda ta ce hukumar ba ta da hurumin zama mai karɓo wa kowa bashi. Wanda aka tsare ta wannan hanya yana iya zuwa Babbar Kotu neman a kare masa haƙƙinsa na ɗan'adam, kuma kotuna sukan ci tarar 'yan sandan tare da wanda ya kawo su.

Iyakar wannan kariya ita ce inda bashi ya rikiɗe ya zama laifi. Wanda ya karɓi kuɗi da takardun bogi, ko da ƙaryar wata sana'a da babu ita, ya yi damfara. Wanda ya ba da cekin da ya dawo saboda babu kuɗi a asusu, dokar 1977 ta tanadar masa ɗaurin shekara biyu ba zaɓin tara. Shi ya sa masu ba da bashi ke son a ajiye musu ceki mai kwanan wata na gaba, shi ya sa kuma bai kamata a sa hannu a irinsa da wasa ba.

Ƙwace kaya ma aikin kotu ne. Bayan alƙali ya yanke hukunci, ma'aikatan kotu ne ke zuwa su lissafa kaya su yi gwanjonsu, ko kotu ta umarci banki ya biya daga asusun wanda aka kayar. Mai bin bashin da ya zo da ƙarti ya ɗauke firiji ko keken ɗinki ya shiga laifi da ƙafarsa. Kayan da aka jinginar a rubuce suna da nasu hukunci, ana iya karɓarsu bisa sharuɗɗan jinginar bayan an ba da sanarwa, kuma idan aka sayar da su abin da ya yi rara na mai kayan ne.

Bankuna suna da hanyoyi biyu na halal da mutane da yawa ba su ankara da su ba. Ta farko ita ce tsarin GSI da Babban Banki ya fara a ranar 1 ga Agustan 2020: mai karɓar rance yakan sa hannu cewa in ya gaza biya, bankin zai iya bin lambarsa ta BVN ya cire kuɗin daga duk wani asusunsa a wasu bankuna. Uwar kuɗi da ruwan da ya taru kawai ake cirewa ta wannan hanya, banda tara. Ta biyu ita ce kai sunan mutum cibiyoyin adana tarihin bashi, irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry, abin da ke iya toshe masa samun rance a gaba. Dokar 2017 da ta tsara aikinsu ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, da damar neman a gyara kuskure, misali bashin da aka biya amma ba a goge ba. Dokokin jihohi kuma sun sa wa'adin shekara biyar ko shida, gwargwadon jiha, wanda bayansa kotu ba ta sauraron ƙarar bashi na yau da kullum. Biyan wani ɓangare ko amsa bashin a rubuce yana sabunta lissafin.

Cinikin biri a sama

Sayayya ta intanet a Najeriya ta kankama ne da buɗe Jumia da Konga a 2012, amma a Arewa mafi yawan cinikin ba ta waɗannan manyan kantuna yake bi ba. A WhatsApp da Instagram da TikTok da Facebook yake: matan aure masu sayar da atamfa da abaya da turaren wuta da kayan kicin daga cikin gida, samari masu wayoyi da takalma, ana tura kuɗi ta asusu, a kai kaya tasha a ba direba, ko a ba mai babur in cikin gari ne. Dokar 2018 ba ta bambanta babba da ƙarami ba. Duk wanda ya mai da sayarwa sana'a yana ƙarƙashinta, ko yana da shago ko ba shi da shi.

Sashe na 122 shi ne zuciyar lamarin. Idan mai saye bai sami damar duba kaya kafin a kawo masa ba, sai ya ga ba su dace da siffar da aka faɗa ko samfurin da aka nuna ba, ko ingancinsu bai kai wanda aka yi ciniki a kai ba, yana da ikon ƙin karɓa cikin lokacin da ya dace, a mayar masa da kuɗinsa cif. Haka idan ya faɗa wa mai sayarwa amfanin da zai yi da kayan, misali injin bayar da wuta da zai ɗauki firiza, sai aka ba shi wanda ba zai iya ba. Wannan ba baƙon hukunci ba ne ga wanda ya yi karatun zaure. Littattafan fiƙihun Malikiyya irin su Risala da Mukhtasar sun halatta sayar da abin da ba ya wurin bisa siffantawa, da sharaɗin in ya zo saɓanin siffar mai saye yana da zaɓi, kamar yadda yake da zaɓin mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Hoton da aka ɗora a waya shi ne siffar ta yau.

Kayan da suka zo daidai amma suka lalace da wuri suna ƙarƙashin sashe na 131 da na 132. Doka ta ɗauka cewa duk kayan da aka sayar suna da garanti ko ba a faɗa ba: su yi aikin da aka san irinsu da shi, su kasance ba aibi, su yi ƙarko daidai gwargwado. In suka gaza, mai saye yana da wata uku daga ranar da aka kawo su ya mayar, kuɗin mayarwar a kan mai sayarwa, shi kuma ya gyara, ko ya canza, ko ya dawo da kuɗi. Wa'adin mako guda ko makamancinsa da manyan kantuna ke rubutawa tsarinsu ne na cikin gida, bai shafe wannan wata ukun ba.

Daga nan ake gane matsayin rubutun nan da ke ƙasan rasit ko a saman shafin mai sayarwa, cewa kayan da aka saya ba a mayarwa kuma ba a dawo da kuɗi. Sashe na 129 ya soke duk sharaɗin da ke neman raba mai saye da haƙƙin da doka ta ba shi, FCCPC kuma ta sha faɗa cewa irin wannan rubutu ba shi da ƙarfi. A 2022 Babbar Kotun Jihar Enugu ta yanke hukunci a kan wani kamfanin sufuri da ya ƙi mayar wa fasinja kuɗin mota bisa wannan hujja, ta ce tsarin ya saɓa doka, ta kuma sa ya biya diyyar naira dubu 500. Sai dai haƙƙin yana da iyaka, kuma adalci ne a faɗe ta. Wadda ta karɓi leshin da ta zaɓa, launinsa da ingancinsa yadda aka nuna, sannan daga baya ta ga wani ya fi burge ta, doka ba ta tilasta a karɓar mata ba. Ƙananan masu sana'a ma suna da nasu kukan, na masu yin oda su ɓace, da masu tura alat na bogi, da masu sa kaya su je biki su dawo da su. Wanda ya fasa odar da ya bayar kafin a kawo, sashe na 120 ya ba shi dama, amma mai sayarwa zai iya cire wani abu daidai da asarar da fasawar ta jawo masa.

Sauran tanade-tanaden gajeru ne. Kayan da aka taɓa amfani da su ko aka yi wa kwaskwarima dole a bayyana haka, abin da ya fi shafar cinikin waya da kwamfuta. Mai saye yana da haƙƙin rasit mai ɗauke da sunan mai sayarwa da kwanan wata da bayanin kaya da farashi. Tallan ƙarya laifi ne. Sashe na 115 ya ce ba a baje kaya ba tare da farashi ba, kuma ba a karɓar fiye da abin da aka rubuta, wanda ke nufin al'adar nan ta a ɗora hoto a ce mai son jin kuɗi ya biyo ta saƙon sirri ta saɓa doka. Wannan tanadi yana ɗan karo da jinin Bahaushe, wanda ya saba da tayi da albarka har a sallama, amma doka ba ta hana ragi ba, abin da ta hana shi ne a duba hoton mutum a yanka masa farashi. Abin ci da na sha da na shafawa kuwa, irin su mayukan gyaran fata da magungunan mata da suka cika shafukan sada zumunta, suna bukatar rajistar NAFDAC, kuma lambar da aka buga a kwalba ana iya bincika ta a shafin hukumar.

Akwai bambanci tsakanin ɗan kasuwar da ya saɓa da ɓarawon da bai taɓa mallakar kayan ba. Na biyun yakan kwashi hotunan wani shago, ya sa farashi mai arahar da ta wuce misali, ya matsa a tura kuɗi yanzu kafin kaya su ƙare, yana karɓa ya toshe lamba. Wannan ba rikicin ciniki ba ne, damfara ce, kuma Dokar Zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara bakwai zuwa ashirin a kanta. A nan sauri ne ke aiki: a sanar da bankin da aka tura kuɗin daga cikinsa nan take, domin ya tuntuɓi bankin da ya karɓa a riƙe asusun kafin a kwashe, sannan a kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC. Biya bayan an karɓi kaya, ko biya ta cikin manhajar kanti mai riƙe kuɗi har sai kaya sun iso, ya fi tura kuɗi asusun wani mutum aminci. Sunan kamfani kuma ana iya duba rajistarsa a shafin hukumar CAC.

Inda ake kai kuka

Sashe na 146 na dokar 2018 ya jera hanyoyin: wurin mai sayarwa, wurin hukumar da ke kula da wannan fanni, wurin FCCPC, ko kotu. A aikace an fi samun nasara idan aka fara da mai sayarwar ko mai ba da rancen, a rubuce, da bayanin abin da ya faru da abin da ake nema da wa'adi. Ƙorafin banki ana shigar da shi a bankin a karɓi lambar shaida. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, ko kwana 30 ga batutuwan rance da cajin da ya wuce ƙa'ida, sai a ɗaukaka zuwa sashen kare abokan hulɗa na Babban Banki. Tozarcin manhajar rance ana kai shi FCCPC da NDPC duka biyu. Shigar da ƙorafi a waɗannan hukumomi kyauta ne, ana kuma iya yi ta intanet. Wasu jihohi, ciki har da Kano, suna da nasu hukumomin kare masu saye, waɗanda suka fi kusa da kasuwa kuma ake magana da su da Hausa.

Duk waɗannan ƙofofi hujja suke tambaya. Hoton tallan kamar yadda yake ranar da aka yi ciniki, hirar WhatsApp daga farko zuwa ƙarshe, shaidar tura kuɗi, bidiyon buɗe ƙunshin kaya a gaban wanda ya kawo, saƙonnin zagi da lambobin da suka turo su, har da waɗanda aka aika wa 'yan'uwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a goge saƙonnin saboda ɓacin rai ko kunya, ko a yi dukkan cinikin ta kiran murya. Mai sayarwa kuma yana iya goge tallansa cikin daƙiƙa, don haka ana ɗaukar hotonsa ne kafin a fara rigima.

Hukuncin da dokar 2018 ta tanada ga mai take haƙƙin masu saye ba ƙarami ba ne: ɗaurin da zai iya kai shekara biyar ko tarar naira miliyan 10 ga mutum, ga kamfani kuma naira miliyan 100 ko kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Amma mai kukan naira dubu talatin ba ɗaurin kowa yake nema ba, kuɗinsa yake so, kuma kuɗin lauya zai iya cinye su. Don irinsa aka kafa kotunan ƙananan da'awa, waɗanda Legas ta fara a 2018, Kano ta biyo a 2019, wasu jihohi suka bi sahu. Ana cike fam, ba dole sai da lauya ba, kuma an tsara a gama shari'a cikin kimanin wata biyu. Kotunan Shari'ar Musulunci ma suna sauraron rikicin bashi da na ciniki tsakanin Musulmi a jihohin da suke.

Kantunan ƙetare irin su AliExpress da Temu su ne inda hannun doka ya fi gajarta. A rubuce dokar 2018 ta shafi duk mai sayar da kaya zuwa cikin Najeriya ko daga ina yake, amma tilasta wa ɗan kasuwar da ke zaune a Sin ya bi umarnin wata hukuma a Abuja abu ne mai wuya. Abin da ke aiki a nan shi ne tsarin sasanci na cikin manhajar kantin, wanda ke da wa'adin da in ya wuce ba a sauraron kowa, sai kuma neman bankin da ya ba da katin ya janyo kuɗin ta hanyar Visa ko Mastercard idan kaya ba su iso ba ko suka zo saɓanin abin da aka biya.